Idan Rimot Ya Ƙi Tada Mota: Yadda Ake Gano Matsala Kafin A Yanke Waya

An ƙirƙiro tada inji daga nesa ne saboda mutanen ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Amurka, inda mai mota ke son injin ya ɗumama, ƙanƙarar da ta rufe gilashi ta narke, tun yana cikin ɗaki. Waɗannan motocin ne ke zuwa mana bayan sun yi shekaru a can, ta tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano. Mu kuwa a Sakkwato buƙatarmu akasin tasu ce. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma cikin motar da aka ajiye a rana na iya haura digiri 60. Ma'aikacin da ke zaune Ƙofar Dundaye, mai fita da tsakar rana ya ƙetare Rima zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko uwar da za ta ɗauko yara daga makaranta, ba don ƙawa suke son esi ya yi ƴan mintuna yana aiki kafin su taɓa sitiyari ba.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne wannan: galibin lokacin da rimot ya ƙi tada mota, ba wani babban abu ne ya lalace ba. Motar ce ta ƙi tashi da gangan, domin an tsara ta ta duba wasu sharuɗɗa kafin ta yarda injinta ya yi aiki babu kowa a ciki. Aikinka shi ne ka gano wane sharaɗi ne bai cika ba, ka fara daga abu mai sauƙi zuwa mai tsada. Asarar da aka fi yi tana zuwa ne daga gaggawar yanke waya a haɗe ta kai tsaye don motar ta tashi.

Fara da sanin irin na'urar da ke motarka

Iri uku ne, kuma kowanne da hanyar bincikensa.

Na farko shi ne wanda kamfani ya ƙero motar da shi. A Honda, Ford, Hyundai, Nissan da Chevrolet, yawanci za ka ga maɓalli a jikin rimot mai zanen kibiya da ta zagaya. A Toyota da Lexus kuwa sau da yawa babu wani maɓalli na daban, da maɓallin kulle ƙofa ake yi.

Na biyu shi ne wanda aka ɗora daga baya, ko a can ƙasar da motar ta fito ko a nan gida. Alamarsa rimot na biyu mai suna daban da na motar, irin su Viper, Compustar ko Avital, ko kuma irin na Sin masu araha da ake sa wa mota don ta koma mai tashi da maɓalli. Idan ka leƙa ƙarƙashin sitiyari za ka ga baƙin akwati ƙarami da tarin wayoyi, kuma sau da yawa akwai ƴar eriya manne a saman gilashin gaba.

Na uku shi ne na wayar salula. Idan na kamfanin motar ne, kamar na Toyota, Honda ko Ford, to ya dogara da rajista da layin sadarwar ƙasar da aka sayar da motar, don haka kada ka kashe kuɗi kana neman ya yi aiki a nan. Tsofaffin ma a can Amurka sun daina aiki tun 2022, lokacin da manyan kamfanonin sadarwa suka rufe layin 3G. A wasu motocin Toyota na 2018 zuwa sama, har tada injin da rimot an ɗaure shi da wannan rajista, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a Amurka a ƙarshen 2021. Idan kuwa na'urar mai layin waya ce da aka sa a nan gida, fara duba layin: akwai kati da data a ciki? An haɗa shi da lambar NIN? Layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan rufe shi, kuma duk inda babu sabis na'urar ba za ta ji umarninka ba.

Tabbatar kana dannawa daidai

Mutane da yawa sun sayi mota ba tare da littafinta ba, suna dannawa yadda suka ga wani ya yi da tasa. A kusan dukkan motoci sai an fara danna maɓallin kulle ƙofa, ko da ƙofofin a kulle suke. A Honda, Nissan, Hyundai da Chevrolet, bayan kullewa sai ka danna maɓallin tada inji nan take ka riƙe shi na ƴan daƙiƙu. A Ford, bayan kullewa sau biyu ake danna shi. A Toyota da Lexus, ka danna kulle, ka sake dannawa da sauri, a na uku ka riƙe kamar daƙiƙa uku har fitilun sigina su fara ƙiftawa.

Akwai kuma halayen da ake ɗauka matsala ce alhali haka aka tsara su. Injin kan mutu da kansa bayan minti 10 ko 15. Motoci da yawa sau biyu kawai suke yarda a tada su daga nesa, daga nan sai an shiga an tada su da hannu kafin lissafin ya koma farko. Yawancin Toyota da Lexus suna kashe injin da zarar an buɗe ƙofa, don kada ɓarawo ya shiga ya ja. Babu abin gyarawa a nan, kuma duk wanda ya ce zai gyara maka shi, tsaron motarka zai taɓa.

Rimot ɗin kansa

Tsaya kusa da motar ka danna kulle da buɗewa. Idan suna aiki daga nesa kamar da, to rimot lafiya lau, ka wuce mataki na gaba. Idan sai ka matso sosai, ko sai ka danna sau da yawa, batirin rimot ne ya yi sanyi. Tada inji ya fi buɗe ƙofa buƙatar batir mai ƙarfi, saboda ana riƙe maɓallin na tsawon lokaci kuma daga nesa, shi ya sa shi ke fara ɗaukewa.

Buɗe rimot ɗin a hankali ka karanta lambar da ke jikin batirin. Yawanci CR2032 ne, wasu CR2025 ko CR1632. Duk na bolt 3 ne amma kaurinsu da faɗinsu sun bambanta, don haka ka sayi mai lamba ɗaya da wanda ka cire. Sabon batir mai kyau a kan mitar auna wuta yana nuna sama da bolt 3 kaɗan. Batirin da ya shekara a kan teburin mai sayarwa a cikin rana na iya zama rabin matacce tun a cikin ledarsa, saboda haka ka nemi mai gyaran agogo ko mai wayarin ya auna maka kafin ka biya. Rimot na motar da ke tashi da maɓalli yana cin batir cikin shekara ɗaya zuwa biyu, domin kullum yana sauraren motar. Ajiye shi kusa da talabijin, caja ko waya yana ƙara cinye shi. Tsohon batirin kuma kada a yar da shi inda yara ke wasa: idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin sa'o'i biyu, kuma asibiti za a nufa nan take.

Duba ƴan ƙarafan da ke riƙe batirin. Idan sun saki, ɗaga su kaɗan. Idan ka ga kore ko fari a kan allon ciki, ruwa ya taɓa shiga, ko wurin alwala, ko gumi, ko an wanke riga da shi a aljihu. Cire batir, goge da auduga da sifirit, bar shi ya bushe a inuwa. Ƙurar hunturu ma kan shiga ƙarƙashin robar maɓalli ta hana shi taɓawa.

Idan rimot yana aiki a gida amma ya ƙi a wani wuri guda, to wani abu ne ke danne siginarsa a wurin, kamar turken sadarwa, ko caja maras kyau da aka bari a cikin motar, ko ƙwan fitila na zamani mai araha. Cire cajar, matsa da motar gaba kaɗan, sake gwadawa.

Ranar da batirin rimot ya mutu gaba ɗaya ba ka makale ba. A jikin rimot akwai makullin ƙarfe a ɓoye da zai buɗe ƙofar direba. Ka taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin tada mota, sannan ka danna. Wasu motocin Nissan da Ford suna da ɗan rami da ake saka shi.

Batirin mota

Zafi ya fi sanyi kashe batir, domin yana ƙafar da ruwansa yana cinye farantan ciki. Batirin da ke iya tada mota da makulli da ƙyar, na'urar nesa na iya ƙin amincewa da shi.

A auna shi da safe kafin a tada inji. Bolt 12.6 cikakke ne. Bolt 12.2 kusan rabi. Ƙasa da 12 ya sauka sosai. Lokacin da kik ke juyawa kada ya faɗi ƙasa da kusan bolt 10. Idan injin ya tashi, mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.7, alamar altaneta na caji ke nan.

Girgiza kawunan batirin da hannu, kada su motsa. Farin gari ko koren da ke taruwa a kansu yana hana wuta wucewa. Cire na baƙar waya tukuna, sannan na ja, a wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa ƴar kanwa a ciki, a kula kada ruwan ya shiga cikin batirin, a goge, a mayar da ja kafin baƙi. A duba inda baƙar wayar ta ɗaure da jikin ƙarfen mota, domin tsatsa a nan kan jawo matsaloli masu rikitarwa.

Akwai al'adar cire kan batir injin na aiki don a gwada altaneta. Kada ka yarda a yi wa motarka. Wutar da ke tashi a wannan lokacin na iya ƙona ƙwaƙwalwar mota, kuma mita tana ba da amsar cikin daƙiƙa biyar ba tare da haɗari ba.

Idan batirin sabo ne amma yana sauka cikin dare biyu, wani abu ne ke shan wuta motar na kwance. Motar lafiya, bayan ta yi shiru, ba ta wuce kusan miliyamfa 50. Tiraka, rediyo mai allo da aka sa daga baya, da ita kanta na'urar tada injin, kowannensu na shan nasa. Mai wayarin zai auna, ya riƙa cire fiyus ɗaya bayan ɗaya har ya ga wanda ya sauke lissafin.

Sharuɗɗan da mota ke dubawa

Idan rimot da batir lafiya suke, ƙofofi na kulluwa, sigina ta ƙifta amma injin ya yi shiru, a nan matsalar take. Na'urar kamar maigadi ce da aka ba umarni kada ya buɗe sai ya ga kowane abu a wurinsa. Bi su ɗaya bayan ɗaya.

Bonet. Wannan yana da yawa a motocinmu. Akwai ɗan maɓalli, ko a cikin sakatar bonet ko a gefen injin, da ke shaida wa mota cewa bonet a rufe yake, don kada injin ya tashi hannun bakanike na kusa da fanka. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su sun taɓa yin karo ta gaba, kuma wurin gyara akan sa sakata maras maɓalli, ko a bar soket ɗin yana lilo. Ƙura da wankin inji da ruwa mai ƙarfi su ma suna lalata shi. Buɗe bonet, nemi wayar da ke zuwa sakata, duba ko a haɗe take. Idan irin mai tsini ne da bonet ke dannewa, danna shi da yatsa ka ji ko yana komawa, ka duba ko ya lanƙwashe ko robar da ke danna shi ta faɗi.

Ƙofofi da but. Shiga motar, rufe komai, duba ko dashbod na nuna ƙofa a buɗe. Idan tana nunawa, buɗe ka rufe kowace ƙofa da but har ka ga wadda ke jawo shi. Ka kuma tabbatar ba a bar rimot na biyu a cikin motar ba, domin wasu motocin ba sa tashi daga nesa idan sun ji makulli a ciki.

Birki. Na'urar na kashe inji ko ta ƙi tada shi idan ta ji an taka birki. Je bayan motar tana kashe ka duba: fitilun birki na kunne? A wasu motocin, musamman tsofaffin Honda, Nissan da Hyundai, akwai ƴar roba a saman fedar birki da ke danne maɓallin fitila. Zafi da tsufa kan farfasa ta, ka ga gutsattsarinta a kan tabarmar direba. Daga nan fitilun birki ba sa mutuwa, batir ya sauka, na'urar ta ƙi aiki. Kuɗin robar bai taka kara ya karya ba.

Giya. Dole ta zauna daram a P. Idan harafin bai fito sosai a dashbod ba, ko sai ka girgiza sandar giya kafin mota ta tashi, maɓallin giyar na buƙatar saiti.

Fitilar cek. Motoci da yawa, musamman Ford da Chevrolet, ba sa tashi daga nesa idan fitilar cek na kunne. A wurinmu abubuwa biyu kan kunna ta: cire indomin salansa, wato matatar hayaƙi, da cire tamostat da sunan rage zafi. Murfin tanki da bai rufu ba ma yana kunna ta. Wasu dillalai kan rufe fitilar da baƙin salatif ko su cire ƙwanta, amma ƙwaƙwalwar mota na sane da laifin. Ga gwaji: kunna wutar mota ba tare da tada inji ba. Fitilar cek dole ta kama, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. Idan ba ta kama ko kaɗan ba, an taɓa ta. Maganin shi ne a sa wa motar kwamfuta. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari don wannan aikin. Ka sa a rubuta maka lambar laifin kafin a goge, domin gogewa ba gyara ba ce, fitilar za ta dawo.

Mai da zafin inji. Wasu motocin na ƙi idan fitilar ƙarancin mai ta kama, ko injin ya yi zafi fiye da ƙima, ko ƙarfin baƙin mai ya yi ƙasa, ko an bar sigina biyu na ƙiftawa.

Abin da kowace alama ke nufi

Babu ƙiftawa, babu kulle ƙofa: rimot, ko fiyus, ko eriya ta cire, ko batirin mota.

Ƙofofi na kulluwa, injin bai motsa ba: ɗaya daga sharuɗɗan da ke sama. Ƙirga ƙiftawar fitila bayan ƙin tashin, domin na'urorin da aka ɗora daga baya da ita suke faɗin dalili. A yawancin Viper da Compustar, biyar na nufin birki, shida na nufin bonet.

Dashbod ta kama, an ji ƙas-ƙas, kik bai juya ba: batir, kawunansa, ko kik ɗin kansa.

Kik na juyawa amma injin bai kama ba, ko ya kama ya mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku: imobilaiza ce, wato na'urar tsaron mota, ba ta gane makulli ba. Duba ko fitilar tsaro mai zanen makulli na ƙiftawa da sauri.

Injin ya tashi amma kik ya ci gaba da gurzawa: na'urar ba ta gane injin ya kama ba. Daina amfani da ita nan take, in ba haka ba za ta cinye haƙoran kik. Sai an sake koya mata juyin injin.

Injin ya tashi amma babu sanyi: wannan ba laifin rimot ba ne. A motar da ake saita esi da hannu, yadda ka bar shi haka zai tashi, don haka ka bar shi a kunne kafin ka kashe mota. Idan yana sanyi a kan tafiya amma ba ya yi a tsaye, a duba fankar gaba da ƙurar da ta toshe kwandensa. Motar da fankarta ke wasa ko lagiretonta ke yoyo kada a tada ta daga nesa sam, domin babu mai kallon allurar zafi.

Kafin ka zargi na'urar, ka gwada tada motar da hannu. Idan da hannu ma tana wahala, matsalar ta injin ce, fulogi, famfon mai ko kik, kuma wurin bakanike za ka.

Na'urar da aka ɗora daga baya

Irin wannan tana da ɗan maɓallin dakatarwa a ɓoye ƙarƙashin dashbod, wanda aka yi don a kashe tada inji lokacin da mota ke gareji. Gwiwar direba, mai wankin mota ko yaro na iya taɓa shi. Cire batir ma kan jefa wasu cikin wannan yanayin. Alamar ita ce kulle da buɗewa na aiki amma tada inji ya ƙi, wani lokaci ƴar fitilar na'urar ta tsaya a kunne ba ta ƙiftawa. Karanta suna da lambar da ke jikin baƙin akwatin, ka nemi littafinsa a intanet, domin kowane iri da yadda ake fitar da shi.

Sai batun imobilaiza. A cikin makullin motar zamani akwai ɗan cif da ƙwaƙwalwar mota ke tambaya kafin ta saki mai da wuta. Na'ura mai kyau tana zuwa da wani ƙaramin akwati da ke amsawa a madadin makulli na tsawon lokacin da aka tada daga nesa kawai. Shi ma yakan mance saitinsa bayan batir ya mutu, sai a sake saita shi. Amma a aikin araha, abin da ake yi shi ne a fasa makullinka na biyu, a manne cif ɗin da salatif a bakin wurin sa makulli. Idan zafi ya narkar da gam ɗin ya zame, mota ta ƙi tashi. Mafi muni, muddin yana manne a wurin, motarka ba ta da imobilaiza, duk ƙarfen da ya juya wurin makulli zai tada ta. Araha ba ta ado. Tambayi wanda ya yi maka aikin kai tsaye yadda ya bi da imobilaiza, ka kuma ƙirga makullanka.

Tiraka mai kashe inji daga nesa ita ma tana yanke wayar famfon mai ko ta wutar inji ta hanyar rile. Idan rilen ya gaji, ko tsohon mai motar ya bar tasa a ɓoye, mota na iya juyawa ba ta kama ba. Tambayi wanda ya sayar maka ko akwai.

Daga ƙarshe, haɗin wayoyin. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ba ta jure zafin Sakkwato da girgizar hanya. Gam ɗin ya narke, haɗin ya saki, yau ta yi gobe ta ƙi. Wayoyin wurin makulli na ɗaukar wuta mai yawa, kuma sakakken haɗi a nan na yin zafi har ya kai ga gobara. Haɗin kirki da dalma ake yin sa, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a sa fiyus kusa da inda aka ɗauko wuta. Idan fiyus ya ƙone, a mayar da mai lamba ɗaya. Kada a naɗa masa waya ko takardar sigari, kuma idan sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe, watakila ɓera ya ci ta.

Idan za ka sayi sabon rimot

Kamannin waje ba ya isa. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka akasari suna amfani da megahaz 315, na Turai kuma 433, don haka rimot ɗin Camry ƴar Amurka da na wadda ta fito wata kasuwar na iya zama iri ɗaya a ido amma ba sa jin juna. A bayan tsohon rimot ko cikin murfinsa akwai lamba, a na Amurka an rubuta FCC ID a gabanta. Da ita za ka saya. Rimot na hannu da aka taɓa haɗawa da wata motar, musamman na Toyota da Lexus, sai an wanke shi da na'ura kafin ya karɓi sabuwa. Kada ka biya sai an haɗa an gwada kullewa, buɗewa da tada inji a gabanka. Sayen rimot mai maɓallin tada inji kuma ba zai sa motar da ba a ƙera ta da shi ba ta fara yi.

Wurin mai wayarin

Je da bayani, kada ka ce kawai ta ƙi. Ka ce masa: "Malam, ƙofofi na kulluwa daga nesa, da makulli tana tashi lafiya, amma in na danna tada inji sigina na ƙiftawa sau shida ta yi shiru. Abin ya fara ne bayan an wanke inji." Wannan ya rage masa rabin aiki, ya rage maka kuɗi. Ka tuna abin da aka yi wa motar na ƙarshe, canjin batir, gyaran gaba, sa rediyo ko tiraka, domin yawanci a nan bakin zaren yake.

Mai wayarin na ƙwarai mita da kwamfuta yake fara ɗaukowa. Wanda ya fara da reza yana feɗe wayoyi yana gwada su da tartsatsi, ka ba shi haƙuri ka ɗauke motarka. A motar zamani akwai siraran wayoyin da ƙwaƙwalwa ke magana da su, da na jakar iska masu launin rawaya, waɗanda kuskure ɗaya a kansu ya fi kuɗin na'urar gaba ɗaya. Idan ya ce zai haɗe wayar bonet ko ta birki kai tsaye, ka ce a'a, a sayo maɓallin. Kafin a samu, tada motar da hannu bai rage ka da komai ba.

Abin da ya shafi rai

Hayaƙin mota da na janareta guba ɗaya suke ɗauke da ita, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma mun sha jin iyalan da ta hallaka suna barci. Kada a tada mota a rufaffen gareji, ko a zaure, ko a tsakar gida salansa na fuskantar tagar ɗaki. Kada a tada ta an lulluɓe ta da tamfol, ko tana kan busasshiyar ciyawa, ko ana zuba mata mai.

Kada a bar yaro a mota da dogaro cewa esi na aiki. Injin zai mutu da kansa bayan ƴan mintuna, gilasai a rufe, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Rimot ma a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa. A unguwannin cikin gari masu lunguna, inda yara da awaki ke fakewa a inuwar mota, ka tada ta daga inda idonka ke ganinta.

Motar manuwal kuwa, idan an bar ta a giya aka tada daga nesa, tafiya za ta yi babu direba. Na'urorin kirki suna da tsari na musamman da ke tabbatar da giya na firi kafin su yarda. Wadda ba ta da shi kada a ɗora ta a kan manuwal ko da kyauta ce. Duk ranar da za a kai mota gareji, a danna maɓallin dakatarwa, a kuma faɗa wa bakanike cewa motar na tashi daga nesa.

Kulawar shekara

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowa ya san darajar lita. Mota a tsaye da esi na iya shan kusan lita ɗaya a sa'a, manya fiye da haka. Minti uku zuwa biyar sun isa, musamman idan an ajiye ta a inuwa ko an sa marufin gilashin gaba.

A watan Fabrairu, hunturu na ƙarewa bazara ba ta kankama ba, a auna batirin mota, a canja na rimot, a wanke kwandensa da lagireto, a goge maɓallin bonet. Farkon damina a duba ko ruwa na shiga ƙarƙashin dashbod inda akwatin na'urar yake. Rubuta sunan na'urar da lambarta da lambar rimot a takarda ka ajiye tare da takardun mota. Idan kuma makulli ɗaya gare ka, yi na biyu yanzu. Ƙara makulli alhali akwai ɗaya a hannu aiki ne na ɗan lokaci, amma idan ya ɓace babu madadi, sai an kai ga ƙwaƙwalwar motar, kuma kuɗin ya ninka sau da yawa.